MICHAEL FARADAY: ƊAN MAƘERIN DA YA BINCIKI DANGANTAKAR ZAFI DA LANTARKI DA HALAYEN ABUBUWA

GABATARWA

Akwai wasu tambayoyi waɗanda yaro ƙarami kan yi, amma su gagari babba amsawa. Me ya sa ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara, in kuma an ɗora shi a wuta ya tashi ya zama tururi? Me ya sa ludayin ƙarfe kan ƙona hannu idan an bar shi cikin tukunya, alhali kuwa muciya ba ta yin haka? Don me lantarki ke bin wayar jan ƙarfe, amma ba ya bin gilashi? A ido, babu abin da ya haɗa waɗannan tambayoyi uku. Ta farko ta shafi halaye uku da abubuwa kan kasance a ciki, watau daskararre da ruwa-ruwa da iska, ta biyu ta shafi tafiyar zafi, ta uku kuwa tafiyar lantarki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin wani masani na ƙasar Ingila, Michael Faraday, wanda ya nuna da gwaji cewa tambayoyin nan 'yan ɗaki ɗaya ne. An fi saninsa da gano hanyar samar da lantarki daga maganaɗisu, amma a nan za a fi mai da hankali ne ga wannan ɗaya ɓangaren na aikinsa, wanda ba a cika ambata ba.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Faraday ranar 22 ga watan Satumba, 1791, a wata unguwa mai suna Newington Butts, wadda yanzu ta shige cikin kudancin birnin Landan. Mahaifinsa, James, maƙeri ne da ya taso daga arewacin Ingila neman abin kai wa baka, ga shi kuma ba shi da isasshiyar lafiya. Faraday shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Gidan na fama da talauci ƙwarai, har ma a shekarar 1801, lokacin da hatsi ya yi tsada, akan ba yaron burodi guda ɗaya ya yi maneji da shi mako guda. Iyayensa mabiya wata ƙaramar ɗariƙa ce ta Kirista da ake kira Sandemaniya, wadda ke horon mabiyanta da ƙanƙan da kai da gudun tara dukiya. Wannan tarbiyya ta bi shi har ƙarshen ransa.

Karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. A 1804 ya zama yaron aike a kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau, a shekarar da ta biyo kuma aka ɗauke shi koyon sana'ar ɗinke littattafai da yi musu bango, na tsawon shekara bakwai. To, a nan ne fa rabo ya rantse. Littattafan da ake kawowa ɗinki, shi sai ya zauna ya karance su. Biyu daga ciki sun yi tasiri a kansa matuƙa: babin da ya yi bayanin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, da wani littafin kimiyyar sinadarai da Jane Marcet ta rubuta domin masu koyo. Bai tsaya ga karatu kawai ba. Duk abin da ya karanta, sai ya nemi tsofaffin kwalabe da 'yan tarkace ya gwada da hannunsa, domin a wurinsa gani ya kori ji.

SHIGARSA FAGEN KIMIYYA

A 1812 wani mai hulɗa da kantin ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, wanda a zamanin babu kamarsa a kimiyyar sinadarai a Ingila. Ana yin laccocin ne a wata cibiyar bincike ta Landan da ake kira Royal Institution. Faraday ya halarci lacca huɗu, ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla har shafi wajen 300, ya ɗinke da hannunsa, sa'an nan ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar, a kan albashin sule 25 a mako da ɗakin kwana. Wankin kwalabe da shirya kayan gwaji su ne farkon aikinsa.

A watan Oktoba na wannan shekara Davy ya tafi rangadin ƙasashen Turai, ya tafi da shi. Sun shafe wajen shekara ɗaya da rabi suna zaga Faransa da Italiya da Suwizalan. Tafiyar ba ta zo masa da daɗi ba, domin kuwa matar Davy ta ɗauke shi tamkar bara, ba ta yarda ya zauna cikin manya. Duk da haka ta zame masa jami'ar da bai samu shiga ba. Ya ga manyan masana ido da ido, kamar Ampère a birnin Faris, da Volta, wanda ya ƙirƙiro batir, a birnin Milan. A Florence kuma ya taya Davy ƙona daimon da hasken rana ta hanyar wani ƙaton gilashi mai tattara haske, inda suka tabbatar da cewa wannan dutse mai daraja asalinsa ɗaya da gawayi.

Bayan dawowarsu a 1815, Faraday ya taimaka wa Davy wajen ƙera fitilar masu haƙar kwal. A wancan zamani iska mai kama wuta da ke taruwa cikin ramukan kwal tana halaka ma'aikata da yawa da zarar ta haɗu da harshen fitila. Dabarar da aka yi ita ce a kewaye harshen wutar da raga ta siraran wayoyin ƙarfe. Da yake ƙarfe na saurin ɗauke zafi ya watsa shi, sai ragar ta sanyaya harshen wutar, ya kasa ƙetarewa waje ya kunna iskar. Watau dalilin da ke sa ludayin ƙarfe ƙona hannu, shi ne aka juya ya zama abin ceton rai.

A 1821 ya auri Sarah Barnard, 'yar ɗariƙarsu. Ba su sami haihuwa ba, amma sun zauna tare har mutuwa ta raba. A watan Satumba na wannan shekara ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta yi ta kewaya maganaɗisu ba tsayawa, wanda shi ne tushen duk wani inji da lantarki ke juyawa.

MAYAR DA ISKA RUWA

A farkon ƙarni na 19 masana da yawa na bambanta tururi da iska ta ainihi. Tururi, a ganinsu, ruwa ne da zafi ya tayar, kuma sanyi kan komo da shi. Amma iska irin su kulorin ana ɗaukarta wani jinsi ne dabam. A watan Maris na 1823, bisa shawarar Davy, Faraday ya ɗauki wasu ƙwayoyi masu kama da ƙanƙara da kan samu idan kulorin ta haɗu da ruwa mai sanyi, ya zuba su cikin lanƙwasasshen bututun gilashi, ya liƙe bakinsa. Ya ɗumama gefe ɗaya, ya sanyaya ɗayan. Da iskar ta fito ta rasa mafita, sai ta matse kanta da kanta, can sai ga wani ruwa rawaya mai kama da mai ya taru a gefen da ke da sanyi. Da aka fasa bututun, ruwan nan ya ɓace nan take ya koma iska. Kulorin ce ta zama ruwa.

Cikin 'yan makonni ya yi wa wasu iskoki haka, har da amoniya da hayaƙin farar wuta da iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi. Aikin na da hatsari ainun, don bututan kan fashe, har ɓaraguzan gilashi sun taɓa shigar masa ido. Abin da ya fito fili shi ne, zaman abu iska ko ruwa ba ɗabi'arsa ba ce ta dindindin, ya dogara ne ga zafi da matsi. Alal misali, kulorin kan zama ruwa da kanta idan sanyi ya kai digiri 34 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigireti, watau ma'aunin da ruwa ke daskarewa a sifirinsa. Idan kuma ba a sanyaya ta ba, matsin da ya kai kusan ninki 7 na nauyin iskar da ke kanmu ya isa ya mai da ita ruwa a cikin ɗaki.

Akwai kuma wani abu. Duk lokacin da ruwa zai koma iska, sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kewaye da shi. Wannan ne dalilin da ke sa ruwan randa sanyi, kuma a kansa aka gina injinan sanyi masu aiki da amoniya, irin waɗanda Carl von Linde ya ƙera a Jamus cikin shekarun 1870, kakannin firijin da muka sani.

Wannan nasara ta jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da maigidansa. Davy ya liƙa wa rahoton Faraday wani ɗan bayani da ke nuna cewa tunanin nasa ne, kuma da aka gabatar da sunan Faraday don zama ɗan babbar ƙungiyar masana ta Royal Society, Davy, wanda ke shugabancinta, ya nuna ƙin amincewa. Amma hassada ga mai rabo taki ce: an zaɓe shi a watan Janairu na 1824, da ƙuri'a ɗaya tak da ba ta goyi bayansa ba. Shi kuwa Faraday, da ya gano cewa wasu sun riga shi mayar da wasu iskoki ruwa, cikinsu har da Thomas Northmore, sai ya buga bayani a 1824 ya ba kowa haƙƙinsa.

ƘANƘARA DA LANTARKI

A 1825 aka naɗa shi shugaban ɗakin gwaje-gwaje, kuma a shekarar ce ya gano sinadarin benzin. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗe wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe, ya ga cewa sakin lantarki ko tsayar da shi a waya ɗaya kan haifar da lantarki a ɗayar. Daga wannan bincike ne janareta da taransifoma suka samo asali.

Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu ya faru ne a 1833. A cikin hunturun wannan shekara ya daskarar da ruwa tsakanin ƙarafa biyu da ya haɗa da batir, sai ya ga ko siririn ɓawon ƙanƙara ya isa ya tare lantarkin. Da ƙanƙarar ta narke, sai lantarki ya ci gaba da wucewa. Abu ɗaya ne, ba a ƙara masa kome ba, ba a rage ba, halinsa kawai ya sauya. Wani zai iya cewa wannan ɗabi'ar ruwa ce kaɗai, ya wuce. Faraday bai yi haka ba. Ya bi sinadarai masu yawa ɗaya bayan ɗaya yana narkar da su, musamman dangin gishiri, ya tarar da cewa ba sa ba lantarki hanya in suna daskare, amma da sun narke sai su ba shi, kuma lantarkin ya riƙa wargaza su zuwa abubuwan da suka haɗu suka yi su. Ya kuma rubuta waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kamar farar wuta da sukari, waɗanda ko an narkar da su ba sa isar da lantarki. Har ila yau ya lura cewa tafiyar zafi kan bi akasin haka a irin waɗannan abubuwa. Lalle kuwa, awon da aka yi daga baya ya nuna ƙanƙara ta fi ruwa isar da zafi kusan ninki huɗu.

A wannan shekara dai ya ci karo da wani abin mamaki. Tun 1821 Davy ya nuna cewa idan ƙarfe ya yi zafi, isar da lantarkinsa kan ragu. Amma da Faraday ya ɗumama wani sinadari na azurfa da farar wuta, sai ya ga isarwarsa ƙaruwa take yi, in ya huce kuma ta koma yadda take. Masana tarihin kimiyya na ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da aka rubuta halin abubuwan nan 'yan tsaka-tsaki, waɗanda ba su kai ƙarfe isarwa ba, ba su kuma kai gilashi tarewa ba. Silikon na cikin danginsu, kuma da shi ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu.

Cikakken bayanin waɗannan abubuwa bai samu ba sai bayan da J. J. Thomson ya gano ƙwayar lantarki, watau ilektoron, a 1897. A taƙaice, lantarki ba ya tafiya sai da masu dakonsa. A cikin ƙarfe, 'yan dakon su ne ilektoron masu yawo sakaka, kuma su ne ke dakon yawancin zafi, shi ya sa ƙarfen da ya iya isar da ɗaya ya iya isar da ɗayan. Idan ƙarfe ya yi zafi, ƙwayoyinsa kan yi ta karkarwa su tare wa 'yan dakon hanya. A cikin gishiri kuwa, 'yan dakon su ne ƙwayoyin gishirin da kansu, waɗanda ke ɗaure wuri ɗaya sai an narkar da shi ko an jiƙa shi. Saboda haka ne tsantsar ruwa ba ya isar da lantarki sosai, amma ruwan gishiri ko gumin jiki na isarwa. A cikin 'yan tsaka-tsaki, zafi ne ke kwance ƙarin 'yan dako.

RAƊA SUNAYE

Akwai wani darasi a nan da ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye. Da Faraday ya zo rubuta sakamakon bincikensa a 1834, sai ya ga kalmomin da ake da su a Ingilishi na ɗauke da tsohon tunanin da gwajinsa ya rushe. Don haka ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij, masanin harsunan Girka da Latin, suka yi ta musayar wasiƙu suna auna kalmomi. Daga nan aka sami anod da katod, sunayen ƙarafa biyu da ake tsomawa cikin ruwan, da kuma ayon, sunan ƙwayar da ke dakon lantarki, wadda aka ɗauko daga kalmar Girkanci mai ma'anar mai tafiya. Ashe ke nan Ingilishi ma ba a haife shi da kalmomin kimiyya ba. Zama aka yi aka raɗa su, kuma sai da masanin kimiyya da masanin harshe suka haɗa kai.

ISKOKI MASU TAURIN KAI

A ƙarshen 1839 lafiyarsa ta taɓu saboda yawan aiki, ya yi fama da jiri da mantuwa, har ya ɗau shekaru bai yi wani babban bincike ba. Da ya farfaɗo, sai ya koma kan tambayarsa ta 1823. A wannan karo ya yi amfani da daskararriyar iskar kabon, wadda wani Bafaranshe, Thilorier, ya gano yadda ake yi, har ya kai sanyin digiri wajen 110 ƙasa da sifiri. A rahotonsa na 1845 ya nuna ya mayar da ƙarin iskoki ruwa, wasu ma ya daskarar da su. Amma oksijin da naitirojin da haidurojin sun ƙi, duk irin matsin da ya yi musu.

Bai yanke hukuncin cewa ba za su taɓa zama ruwa ba. Ya yi hasashen cewa kowace iska na da wata iyaka ta zafi, wadda in ba a sauko ƙasa da ita ba, matsi ba zai yi amfani ba. A 1869 Thomas Andrews ya tabbatar da haka, ya nuna iyakar iskar kabon tana wajen digiri 31. Ta oksijin kuwa tana wajen digiri 119 ƙasa da sifiri, watau abin da ya rage wa Faraday ya kai gare ta bai cika digiri 10 ba.

A 1850 kuma ya jawo hankalin masana ga yadda gutsattsarin ƙanƙara biyu kan manne da juna in an haɗa su. Ya bayyana cewa akwai wani siririn ruwa a fatar ƙanƙara, kuma binciken zamani ya gaskata shi.

HALINSA DA ƘARSHEN RAYUWARSA

Faraday mutum ne mai tsari. Ya riƙa sa wa kowane sakin layi na littafin gwaje-gwajensa lamba, har suka haura 16,000, kuma yana rubuta gwajin da ya ci tura kamar yadda yake rubuta wanda ya yi nasara. Bai san lissafi mai zurfi ba, sai James Clerk Maxwell ne ya zo ya zuba tunaninsa game da lantarki da maganaɗisu cikin harshen lissafi. Ya yi wa ƙasarsa hidima, kamar binciken fashewar ramin kwal na Haswell a 1844, inda mutum 95 suka halaka, da ba da shawara ga hukumar fitilun da ke yi wa jiragen ruwa jagora. Bai manta da inda ya fito ba: sau 19 yana gabatar da jerin laccocin Kirsimati domin yara. Mafi shahara cikinsu su ne na kyandir, waɗanda aka buga littafi a 1861, inda ya nuna yadda daskararren kakin kan narke ya hau lagwani, sa'an nan ya zama iska kafin ya kama wuta, watau halaye ukun nan duka a abu guda.

An yi masa tayin shugabancin Royal Society a 1857, ya ƙi karɓa. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court, inda ya ƙarasa kwanakinsa mantuwa na ƙara cin ƙarfinsa. Ya mutu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate a Landan.

KAMMALAWA

Tambayar da ya bari ba ta mutu tare da shi ba. A 1877 Cailletet a Faransa da Pictet a Suwizalan suka fara shawo kan oksijin. A 1898 James Dewar ya mayar da haidurojin ruwa a cikin Cibiyar nan da Faraday ya yi aiki. A 1908 Kamerlingh Onnes ya yi wa hiliyam haka a birnin Leiden na ƙasar Holan, a sanyin digiri wajen 269 ƙasa da sifiri. Bayan shekara uku, a 1911, da ya sanyaya zaiba da wannan ruwa, sai ya ga lantarki na ratsa ta ba tare da wata turjiya ba ko kaɗan. A nan hanyoyi biyun da Faraday ya share, ta mayar da iska ruwa da ta auna isar da lantarki, suka haɗu wuri ɗaya.

Daga bayanan da suka gabata, mai karatu zai ga cewa idan aka tambaya ko abu kaza iska ne ko ruwa, ko kuwa yana isar da lantarki ko ba ya isarwa, amsar ba ta cika sai an faɗi a wane zafi, a wane matsi, kuma a wane hali. Wanda ya taimaka ƙwarai wajen fito da wannan gaskiya bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Jarinsa shi ne rashin raina ƙaramar tambaya, da gwada abu kafin a yarda da shi, da neman kalmar da ta dace kafin a rubuta. Na ƙarshen nan kuwa aiki ne da ke jiran masu nazarin Hausa, muddin ana so yaro ya yi tambayarsa da harshensa, ya kuma sami amsa da shi.